Darar Faikin da na yi oda: allon ya yi kyau, kwalin ne ya ɓata min rai

Salamu alaikum jama'a, yau sati uku kenan da isowar wannan kaya gidanmu a nan Jidda, na ƙi rubuta komai tun farko ne saboda ba na son in yabi abu ranar da na buɗe kwali, sai an buga an sake bugawa tukuna. To yanzu kam an buga, ni da ƙanina da Kawu, har Umma ma ta zauna ta kalla, bari in faɗi abin da na gani.

Wasan allo ne na mutanen Faikin, mutanen ƙasashen sanyin nan, Suwidin da Nowe da Danmak da Aislan. Sunan da ke jikin kwalin hnefatafl ne amma ba mai iya furta shi a gidanmu, Kawu ne ya raɗa masa darar Faikin kuma sunan ya bi shi. A wani shagon intanet na yi oda, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Riyal 190 har da kuɗin kawowa, sun ce sati ɗaya amma sai da ya yi kwana 11. Mandub ɗin dai, wato mai kawo kayan, mutumin kirki ne, ya kasa gane lungunmu sai da na tura ƙanina bakin baƙala, wato shagon unguwa, ya tsaya masa, kuma ko tsaki bai yi ba.

Gaskiya ba don wasan na saya ba tun farko, don matan ne. Tun ina sakandare ƙanina yake buga wani gem a PlayStation da ake faɗa da wasu mata masu fukafukai, kullum su suke kashe shi, ya yi ta bugun kujera, ni kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne su waye waɗannan, wa ya ƙirƙiro su. Falkiri ake ce musu, haka Larabawan nan ma suke faɗa. Da na shiga karatu sai na tarar a tsohon yarensu ma'anar sunan ita ce mai zaɓen matattun yaƙi, wato a tatsuniyarsu su ne Odin, babban abin bautarsu, yake aikawa fagen fama su nuna wanda zai faɗi da wanda zai tsira, su kwashi jarumawa zuwa Falhalla, babban zauren da suka ce yana da ƙofa 540. Sunayensu ma kansu yaƙi ne, Hild na nufin faɗa, Gunn na nufin yaƙi. Kafin wani ya fara min wa'azi, na sani tatsuniya ce ta mutanen da ba su san Allah ba, ban yi imani da ko harafi ɗaya a ciki ba, ina karanta ta ne kamar yadda aka koya mana waƙoƙin jahiliyya a makaranta. Su kansu waɗanda suka rubuta labaran a Aislan, irin su Snorri Sturluson wajen shekarar 1220, Kiristoci ne, sama da shekara 200 bayan ƙasar ta bar bautar gumaka suka zauna suka rubuta.

Labarin da ya fara hana ni barci shi ne na saƙa. Wai ranar yaƙin Clontarf kusa da Dublin a 1014 wani mutum a arewacin Sikotlan ya hangi mahaya goma sha biyu sun shiga wani ɗaki, ya bi ya leƙa ta taga sai ya ga mata ne suna saƙa, amma zaren hanjin mutane ne, kawunan mutane ne aka rataya a madadin duwatsun da ke miƙar da zare, takobi da kibiya su ne kayan aikin, suna saƙa suna waƙar wanda zai mutu. Da suka gama sai suka yayyage saƙar kowa ta riƙe nata ƙyalle, shida suka yi kudu shida suka yi arewa. Wallahi tsigar jikina tashi ta yi. Aikin da aka sani na matan cikin gida, shi aka ɗauko aka ce da shi ake yanke sakamakon yaƙin maza, wanda ya tsara wannan waƙar ya san darajar hannun mace.

Daga nan na faɗa kan kabarin Birka, wanda shi ne asalin dalilin sayen allon nan. Birka tsohon garin kasuwa ne a wani tsibiri cikin tafkin Malaren, yamma da Stockholm. A 1878 wani mai tonon tarihi Hjalmar Stolpe ya tono wani kabari da aka sa wa lamba Bj 581, a ciki akwai takobi, gatari, mashi, kibau, wuƙar yaƙi, garkuwa biyu, da dawakai biyu, ingarma da goɗiya. Sama da shekara ɗari ana nuna shi a matsayin kabarin cikakken jarumi namiji. Sai a 2017 wasu masana ƙarƙashin Charlotte Hedenstierna-Jonson suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayar halitta, ashe mace ce, ta haura shekara 30, tsayinta wajen santimita 170. Kuma a kan cinyarta an ajiye jakar 'ya'yan wasa guda 28, ɗaya an kafa masa ƙusa ta ƙarfe a ka alamar shi ne sarki. Akwai masanan da ba su gamsu cewa ita mayaƙiya ba ce, irin su Judith Jesch, kuma gaskiya ne ba a ga tabon sara a ƙasusuwanta ba, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ni abin da nake cewa kullum, lokacin da ake zaton namiji ne wa ya nemi tabon sara kafin ya kira shi jarumi? Ni takobin ma bai kama min zuciya kamar jakar nan ba, duk wanda aka binne da kayan dara a cinya to mutanensa suna shaida ne cewa mai lissafi ne, mai hangen abin da abokin gaba zai yi tun bai motsa ba. Na ce sai na taɓa wasan da matar nan ta sani da hannuna.

To ga kayan. Allon katako ne na gaske mai nauyi, ba irin kwalin nan da ake manna wa takarda ba, ana ninke shi biyu ya zama akwati, 'ya'yan suna ciki a jakar yadi mai zariya. Gida 11 a tsaye 11 a kwance, 121 kenan, layukan ƙona su aka yi a jikin katakon ba fenti ba ne don haka ba zancen gogewa, in ka shafa da yatsa za ka ji su. Da na buɗe har ƙanshin katako da mai ya bugo ni. 'Ya'ya 37 ne, masu kai hari 24, masu tsaro 12, sai sarki wanda ya fi su tsawo kuma an kafa masa 'yar ƙusa ta tagulla a ka, da na ga ƙusar nan sai da na yi shiru na ɗan lokaci, ko da gangan suka yi ko dacewa ce, ta tuna min da ta Birka. A ƙarƙashin kowane ɗa an manna yadi mai laushi, ba ya ƙara ba ya karce allo, za ka iya bugawa da dare ba ka tashi kowa ba.

Iri biyu suke sayarwa, akwai wanda aka sassaƙa 'ya'yan da fuska da gemu kamar mutum-mutumi, akwai kuma wanda suke a mulmule kawai ba fuska ba ido. Na biyun na ɗauka, na san gidanmu, kuma ni ma hankalina ya fi kwanciya da shi. Duk mai yin oda daga nan ya duba hoton da kyau kafin ya biya don sunansu kusan ɗaya ne a shafin.

Aibin allon guda biyu ne. Na farko tunda gidajen 11 ne, wajen ninkewar ya ratsa ta tsakiyar layi na shida, daidai gidan sarki kenan, sai ka ga sarki ya ɗan karkace kamar zai faɗi, in aka shimfiɗa a kan kafet abin ya fi muni, sai a kan tebur ko tire mai faɗi yake zama daidai. Na biyu ruɗubar Jidda, wato laimar iskarta, ba ta barin katako lafiya, na manta shi kwana biyu kusa da tagar kicin sai gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, da na mayar da shi ɗaki mai esi na ɗora masa littattafai ya koma yadda yake. Ɗaya daga cikin baƙaƙen 'ya'yan kuma ya zo da ɗan ɓalli a gindi.

Amma abin da ya ɓata min rai sosai kwalin ne. An zana wata mace da hular ƙarfe mai ƙaho, da wata 'yar rigar ƙarfe da ba ta rufe komai ba, a cikin dusar ƙanƙara wai ita ce Falkiri. Umma ce tsaye a kaina lokacin da na yage ledar, ta ce "ke wannan wace irin fitsara kika sayo mana?" na rasa bakin magana, na yi sauri na zare allon na kai kwalin shara. Kuma ba kunyar kaɗai ba ce ta dame ni, ƙarya ce aka yi wa matan. Faikin ba su sa hula mai ƙaho a yaƙi ba, hular da aka tono a Gjermundbu a Nowe a 1943 ko alamar ƙaho babu, ƙahon nan ya yaɗu ne daga kayan da Carl Emil Doepler ya tsara wa 'yan wasan waƙe na Wagner a Jamus a 1876. In ana son ganin yadda su mutanen da kansu suka siffanta irin matan nan a duba ɗan ƙaramin gunkin azurfa da aka tsinta a Hårby a Danmak a 2012, bai kai santimita 4 ba, doguwar riga ce a jikinta har ƙasa, ta ƙulle gashinta a ƙeya, takobi a dama garkuwa a hagu, a tsaye take cikin mutunci. Wannan ya kamata su sa a kwali da ni ma na ajiye shi.

Takardar dokoki ma sai a hankali, Turanci ne da wani Larabci da ka gani ka san inji ne ya fassara, kuma sun rubuta da manyan baƙi wai ainihin dokokin Faikin. Ba haka ba ne. Faikin ba su bar cikakkun dokoki a rubuce ba, yawancin abin da ake bugawa yau an gina shi ne a kan abin da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya rubuta a 1732 da ya ga mutanen Sami a can arewa suna buga wani ɗan'uwan wasan mai suna tablut a allo mai gida 9 sau 9, fassarar Turanci ta 1811 kuma ta zo da kurakurai, shi ya sa har yau ake saɓani a kan yadda ake kama sarki. Takardarmu ma ba ta fayyace ba, mu dai mun tsaya a kan sai an kewaye shi ta gefe huɗu. Sauran mai sauƙi ne, kowane ɗa yana tafiya a miƙe gaba ko baya ko gefe iya nisan da hanya ta ba shi, ba ya tsallake kowa, ana cin ɗa in aka matse shi tsakanin abokan gaba biyu, sarki yana tsakiya yana neman ya kai ɗaya daga cikin kusurwa huɗu, masu hari kuma sun taso ta gefe huɗu suna neman rufe shi. Minti biyar ya isa a koya wa yaro.

Ranar Juma'ar farko Kawu ya zo daga Makka, a Shara Mansur yake zaune tun kafin a haife ni, kuma shi gwanin dara ne tun yana Kano, irin ta gurbi talatin da ake haƙawa a ƙasa. Bayan an sha shayi na ɗauko allon na ajiye a gabansa. Umma ta riga shi magana, "ba dai caca ba ce ko?" na ce Umma babu dayis irin na ludo a ciki, babu sa'a, lissafi ne zalla. Zancen hukunci kuwa ni ba malama ba ce, an san malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa, mu dai ba ma sa kuɗi kuma ana kiran salla muke rufewa.

Kawu ya ɗauki sarkin ya jujjuya shi a hannu, ya ƙirga baƙaƙe ya ƙirga farare da ɗan yatsa, ya ce "'yar nan wannan ai ba adalci, ashirin da huɗu a kan sha biyu?" Na ce Kawu ku gwada tukuna. Na ba shi masu yawan, na cinye shi sau biyu a jere, sarkina yana sulalewa ta gefe yana can yana farautar 'ya'yana ɗaya ɗaya. A na uku sai ya gyara zama ya tura hularsa ƙeya, bai ƙara cin ɗa ko ɗaya ba, kusurwoyin kawai ya bi ya toshe, uku uku a karkace, sannan ya fara matsowa a hankali layi bayan layi, ina ji ina gani fili yana ƙare min har na rasa inda zan ɗaga hannu. Ya ce "ai ƙawanya ce, ba a bin sarki da gudu, ƙofofin gari ake tarewa." Da tsohuwar zuma ake magani, sau biyar ya yi min haka kafin magariba. A nan na gane daɗin wasan, ɓangarorin biyu ba tunani ɗaya suke yi ba, mai sarki zuciya yake buƙata da saurin ganin ɓaraka, mai hari kuma haƙuri, in ka canja ɓangare kamar wani sabon wasa ka fara.

Da na ba shi labarin matar Birka sai ya ce mu ma ai muna da tamu, ya yi kirarin Amina 'yar Bakwa ta san rana, ya ce ganuwar da ake jingina mata a garuruwa ita ce shaidar ta san lissafin ƙawanya. Umma kuma ta ce duk ku tsaya, ina kuka bar Nusaiba 'yar Ka'ab, Ummu Ammara, da ta fita Uhudu don shayar da ruwa, da al'amari ya juya ta ɗauki takobi da garkuwa ta tsaya kare Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, har aka yi mata mummunan sara a kafaɗa. Mun sha zuwa Uhudu in mun je Madina, kuma ba na haɗa sahabiya da matan tatsuniya ko kusa, darajarta daban. Amma na ji daɗi ranar, allon katako ya sa tsofaffina biyu suna gasar kawo sunayen jarumai mata a falonmu.

Yayana ne kawai ya ce shi bai ga abin da ya haɗa mu da mutanen ƙanƙara ba. Na ce Yaya ai sun san kuɗin Musulmi sosai, a 921 Ahmad ibn Fadlan ya taso daga Bagadaza da saƙon Halifa Muƙtadir, a 922 ya haɗu da 'yan'uwansu Rus a bakin kogin Volga, ya rubuta cewa matansu suna sa ƙawanyar wuya ɗaya a kan kowane dirhami dubu goma da miji ya mallaka, kuma kowace tana da wuƙa rataye a ƙirji. A tsibirin Gotland kuma a 1999 an tono taskar Spillings mai tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka dirhamin ƙasashen Musulmi ne da rubutun Larabci a jiki. Ya ce to, ya ja kujera.

Akwai wani abu kuma da takardar ba ta ambata ba wanda a wurina ya fi duk abin da suka rubuta. A tsohon labarin Hervor, yarinyar da ta yi shigar maza ta je kabarin mahaifinta da dare a tsibirin Samso ta tashe shi ta karɓi takobinsa Tyrfing, akwai wurin da Odin ya ɓad da kama ya zo yana yi wa ɗanta sarki Heidrek kacici-kacici. Ɗaya daga ciki yana tambaya ne a kan wasu mata da suke faɗa a kewayen ubangidansu ba tare da makami ba, masu duhun launi suna kare shi kullum, farare suna kawo hari, amsar kuwa ita ce wannan wasan. Wato su a idonsu 'ya'yan allon nan mata ne. Tun da na karanta wannan ban ƙara kallon sha biyun nan da ke kewaye da sarki yadda nake kallonsu da ba. Sai dai a nawa saitin an juya launin, masu tsaro ne farare, masu hari baƙaƙe.

Da na rubuta wa shagon a WhatsApp kan ɗan da ya zo da ɓalli sai na haɗa da tambayar ko za su sayar min da ƙarin farare 12. A nan kam sun kyauta, sun amsa a ranar, sun ce na ɓallin kyauta za su musanya, fararen kuma riyal 25. Zancen kwali da na yi musu dogon bayani har da hoton gunkin Hårby, godiya kawai suka yi suka ce za su isar, ban sa rai sosai ba amma na faɗa.

Wanda yake son wasan da za a zauna da iyali a ajiye waya, ko mai son tarihin mutanen nan irina, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, katakon zai daɗe in an kiyaye shi daga laima. Ya zaɓi mara fuska, ya buɗe kwalin shi kaɗai kafin ya shiga da shi falo, dokokin kuma ya nema a wani wuri ya bar takardar.

Shekaranjiya fararen suka iso, launinsu ya ɗan fi na farkon haske amma ba ya damuna. Na jera 24 farare a gefuna, na zaɓi 12 cikin masu duhun na kewaye sarki da su, sauran na mayar jaka. Na ɗauki hoto na tura wa Kawu, ya turo min murya yana cewa in ajiye masa fararen, Juma'a bayan la'asar yana hanya.